Igiyar da Baba Ya Ɗaura Mini

Tabon nan da ke ƙaurina na hagu, wanda kowannenku ya taɓa ɗora yatsa a kai yana tambaya, an sha ba ku labarinsa, kuma duk wanda ya ba ku bai ba ku daidai ba. Abin da ake faɗa a gidanmu shi ne wai babanku ɗan lekol ne, wato ɗan boko, ya ƙare ƙuruciyarsa yana riƙe alli, rana ɗaya ya ce sai ya kama injin huɗa, injin ya nuna masa iyakarsa. Ana faɗa ana dariya, ni ma ina tayawa, don hakan ya fi sauƙi. To yanzu na kai shekarun da ba na jin nauyin kowa, waɗanda zan ji nauyinsu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Bari in rubuta muku yadda aka yi, ku daina yawo da rabin magana.

Shekarar da na ajiye aikin gwamnati ce. Na yi koyarwa a ƙauyuka, na yi darektan lekol, na ƙare a Yamai, sannan ni da mahaifiyarku muka tattara muka dawo Damagaram, gidanmu na bakin gari. Ku duk kun kama gabanku a lokacin, daga mai karatu sai mai aure. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Na tarar da Baba, tsufa ya kama masa gwiwoyi amma bai taɓa masa murya ba. Na tarar da Gwaggo Falmata, ƙanwarsa, wadda ita ta goye ni ta raine ni. Sai Gana, autanmu, shi da iyalinsa. Gana bai yi nisa a lekol ba, bai kuma taɓa yin nisa da gida ba. A bayan gidan garkarmu take, ba ta kai a kira ta gona ba, amma ta fi ƙarfin fartanya ɗaya. Akwai rijiya a kusurwa, da bishiyar lemo, da gwaba can ƙarshe wajen katanga, sauran filin kuma na salati ne da shu, wato kabeji, da tumatir da albasa in sanyi ya shigo. Kun san maganar ruwa a garin nan. Wanda Allah ya ba rijiyar da ke kaiwa bazara da ɗan abu a gindinta ba ya wasa da ko guga ɗaya, kuma Baba bai taɓa yi ba.

A garkar nan Gurgu yake. Gurgu injin huɗa ne na hannu, irin mai taya biyu da dogayen hannuwa, mutum yana bin sa a baya da ƙafa, wanda masu faransanci ke ce wa motokilter. Baba ya yi aikin gyaran injuna a ma'aikatar gona. Da aka tashi zubar da tsofaffin ƙarafa sai ya ɗauko shi a amalanke, ya daɗe yana haɗa shi da tarkacen da yake tsintowa a unguwar Zango. Tayarsa ɗaya ba tasa ba ce, ta ɗan fi 'yar'uwarta tsawo, shi ya sa yake tafiya yana karkata hagu, daga nan kuma ya samo sunan. Haƙoran da ke tona ƙasa a bayansa suke, dab da ƙafar mai riƙe shi, murfin da ya kamata ya rufe su kuwa tun kafin ya zo gidanmu ya ɓace. A hannun dama akwai wani ƙarfe da ake matsewa: in ka matse haƙora su yi ta juyawa, in ka saki su tsaya. Tada shi sai an naɗa igiya an fizga, wata rana a yi ta fizga har mutum ya fara zargin ko wani ne ya yi wa injin baki. In ya tashi kuwa, duk unguwa ta san lokacin salati ya yi. Ƙararsa ba ta barin mutum ya ji ko tarin kansa.

Yanzu sai in gaya muku abin da ku 'yan yau kuke ji kamar tatsuniya. Ni ɗan fari ne. Ba wannan kaɗai ba, sunan mahaifin Baba aka sa mini, Mustafa. Kunya biyu ke nan ta hau kan mutum ɗaya. Tun da na buɗe ido na san duniya ban taɓa jin sunan nan a bakin Baba ba. Ina yaro “wancan” ne ni, ko “yaron Falmata”. Da na fara koyarwa sai na zama “Mushe”, yadda ake kiran malamin lekol, shi ma ba a fuskata ba, sai in yana ba wani saƙo ya kawo mini. In muna zaune mu biyu yana son ruwa, sai ya dubi bango ya ce a kawo ruwa, kamar bangon ne zai tashi. Bai taɓa duka na ba, bai taɓa tambaya ta ina na kwana ba. Duk wanda ya san al'ada zai ce maka wannan daraja ce, ni ma haka na riƙa gaya wa kaina, kuma da yake ina nesa abin bai dame ni ba. Sai da na dawo na zauna, ba lekol, ba ofis, ba abin da ya rage mini sai kunnuwana.

Da an sha kunun safe Baba zai dogara sanda ya tafi gindin lemo, inda aka ajiye masa kujera. Gana ya naɗa igiya ya tada Gurgu. Daga nan sai kira.

“Gana! Hagu yake ja, danne shi!”

“Gana! Kai, Gana! Wannan huɗa ce ko susa?”

Muryar Baba ita kaɗai na sani mai ratsa ƙarar injin nan. Gana sai ya saki ƙarfe ya waiwayo yana share gumi.

“Baba, ai ni ke riƙe da shi, ni na san yadda yake ja!”

“Kai ke riƙe da shi, amma ni na haife shi, ni na haife ka. Koma ka sake layin.”

Sai su yi dariya. Gana ya sake layin, ya dawo ya durƙusa kusa da kujerar, su ɗebi ƙasa a hannu suna murzawa suna gardama kan ko ta yi laushi. Baba ya fasa goro ya miƙa masa rabi ba tare da ya ko duba ba. Ni kuwa ina zaure da rediyo a cinya, ba na jin ko kalma ɗaya daga abin da rediyon ke faɗa. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, kishi nake ji. Kishi sosai, irin mai hana abinci daɗi. Mutum da furfura a gemu, wanda malamai ke miƙewa tsaye in ya shigo, yana zaune yana ƙyashin ƙanen da ya goya a bayansa, don kawai ana kiran sunansa a bayan gida. Na san abin dariya ne. Sanin bai rage komai ba.

Na yi ƙoƙarin kutsawa. Na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, na tafi Zango na yi ta yawo a rana har na samo sabuwar buji, wato fulogi, wadda ta dace da Gurgu, na kawo na ajiye a gaban Baba. Ya ɗauka ya jujjuya, na ga ta yi masa, sai ya ɗaga murya.

“Gana! Zo ka ga abin da aka kawo.”

Aka. Ni ne “aka”, ina tsaye a gabansa da ƙurar Zango a ƙafata. Na koma ba iri ruwa da safe, ina sane wata rana nake cika masa ruwa har ya kwanta, ko za a ce wani abu. Ba a ce ba. Baba sai ya jira na bar wurin, sannan in jiyo shi yana ce wa Gana ya zo ya buɗe wa ruwan hanya. Da na ga haka sai na daina kewaye. Wata safiya na tsaya kusa da kujerarsa na ce, Baba, ni ma ina so in kama Gurgu. Ya dubi reshen lemo ya daɗe, sannan ya ce, “Gana, injin nan ba na kowa ba ne.” Maganar ta ƙare ke nan. Gana ya sunkuyar da kai yana goge abin da ba shi da datti, kuma ko wannan kunyar da ya ji mini sai da na ji haushinta.

Na wuce ɗakin Gwaggo Falmata na same ta tana tsinke zogale. Ita ma ba ta faɗar sunana, tun da na ubanta ne, amma ita ta samo mafita.

“Babana, me ya kumbura ka da safen nan?”

“Gwaggo, Baba ya raina ni. Gani yake hannun da ya riƙe alli ba ya riƙe ƙarfe.”

Ta yi dariya har ta ajiye faifan.

“Wane irin raini? Kai ba ka jin yadda abin nan ke ruri? In ka nufi bakin rijiya da shi, da wane suna kake so ya tsai da kai?”

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba.

“Yaya manomi ne,” in ji ta, tana nufin Baba. “Tun yana saurayi kunya yake tadawa, ta gona da ta ɗan fari, kuma duka biyun ba ya yarda a taka masa. Ka bar shi, Babana. Tsoro yake ji, ba raini ba.”

Da ni mai hankali ne da na kwantar da raina a nan. Amma abin da na ɗauko daga ɗakin Gwaggo daban ne. Ashe akwai wuri ɗaya a duniya inda dole Baba ya kira ni, kuma wurin nan bayan Gurgu ne. Daga ranar na daina son injin don a ce na iya huɗa. Ba salati nake nema ba. Na riƙa kallon Gana yana bin layi ina jin kamar a wurina yake tsaye.

Ana nan sanyi ya fara shigowa. Irin salati da na shu sun yi girma a inda aka yafa su, har sun fara matse juna, dashe kawai suke jira. Wata yamma Baba ya sa aka jiƙe babban filin, guga bayan guga, don ƙasa ta yi laushi a huɗe da safe. Gari na wayewa sai ga waya daga garin Takieta, surukar Gana ta rasu. Ba a yi wata shawara ba, ya ɗauki matarsa suka kama hanya, kuma kowa ya san sai an yi kwanakin zaman makoki kafin ya dawo. Baba ya yi addu'a ya sallame su, sannan ya tafi gindin lemo ya zauna yana kallon filin. Ni ma ina kallonsa daga nesa. Ƙasar garkarmu in ta sha ruwa ta bushe ba a huɗe ba, sai ta ƙame ta fi da tauri, rijiyar kuma ba za ta iya ba da irin wannan ruwan sau biyu ba. Ko a huɗe yau, ko a haƙura da salatin bana. Mutum ɗaya ne a gidan mai ƙafafun bin injin, kuma Baba ya sani, ni ma na sani. Rana ta fara ɗagawa kafin in ji muryarsa.

“Falmata! A tambayi Mushe ko yana da wani aiki yau.”

Kafin Gwaggo ta iso da saƙon na riga na sa tsohon wando. Na fito garka ina ɗoki kamar yaron da za a kai kasuwa. Sai na ga abu a cinyar Baba, doguwar igiyar guga, an naɗe ta tsaf. Ya dubi lemo ya yi masa bayani: yadda ake danne hannun dama don kada injin ya ja hagu, yadda ake ɗaga haƙora in za a juya, inda dutse yake a ƙarƙashin ƙasa. Sannan ya miƙo bakin igiyar ba tare da ya dube ni ba.

“A ɗaura wannan a ƙugu. In an ji an ja, a saki ƙarfe.”

Na tsaya da igiyar a hannu. Gwaggo tana bakin ƙofa ta toshe baki da gefen mayafi. Wato duk safiyar nan da ya yi shiru, ba tunanin ko zan iya yake yi ba, hanyar da zai bi ya tsai da ni ba tare da ya buɗe baki ba yake nema, kuma ya samu. Ina iya ajiye igiyar in koma zaure, ba wanda zai ga laifina. Amma na ɗaura. Na ce a raina igiya ba ta magana, dole wani wuri ta gaza. Akwai kuma wani abu da sai yanzu nake iya faɗa: tun da na yi wayo ba a taɓa samun abin da ya taso daga hannun Baba ya iso jikina ba. Ko igiyar guga ce, na karɓa.

Gurgu bai ba ni wahalar tashi ba, sabuwar buji ta yi aikinta. Da na matse ƙarfe haƙora suka shiga ƙasa, sai na ji girgizar ta hau hannuwana har cikin haƙorana. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin mai suka cika mini hanci. Ku rubuta wannan ku ajiye: na iya. Layina na farko bai fi na Gana karkata ba. Amma ban yi nisa ba na ji an ja ƙuguna. Na saki ƙarfe na waiwaya, Baba ya nuna dama da sanda. Na gyara na ci gaba. Aka sake ja, ya nuna ƙasa, wato in ƙara zurfi. Aka sake ja, dutse. Haka muka yi ta yi, ja, tsaya, sanda, tafi. Matan maƙwabta suka jiyo ƙarar a ranar da suka san Gana ba ya nan, suka leƙo ta kan katanga, na ga kafaɗunsu na rawa. Daga baya na ji abin da suka ce, wai Mushe ya ajiye aikin gwamnati ya kama aikin shanun huɗa. Ba dariyarsu ta ƙona ni ba. Abin da ya ƙona ni shi ne igiyar tana aiki. Tana aiki fiye da yadda na zata. Muka ci rabin fili, muka wuce, ban ji ko tari daga gindin lemo ba. Da Gana ne da yanzu an kira shi har maƙogwaro ya bushe. Na ga sarai za mu gama garkar nan, a kwance mini igiya, a ce a kawo ruwa, shi ke nan ranata ta wuce.

Can ƙarshen fili wajen gwaba na ɗaga haƙora na juya injin. Da na juyo ina fuskantar Baba sai igiyar ta yi sako-sako ta kwanta a ƙasa, ban kula ba. Na matse ƙarfe na fara tahowa. Sai na ji an fizge ni, da ƙarfi, ba irin na ɗazu ba. Na ɗauka Baba ne. Na ce a raina, ja, Baba, ja iyakar ƙarfinka, yau kam ba na tsayawa sai ka buɗe baki. Na ƙara matse ƙarfen, na kafa idona a ƙasa don kada ma in ga sandar. Jan ya ƙaru har ya fara lanƙwasa ni gaba, ina mamakin inda tsoho ya samo wannan ƙarfin. Ashe ba shi ba ne. Haƙoran Gurgu ne suka cafki igiyar suna naɗewa, sun riga sun fizge ɗaya bakin daga hannun Baba har sun saɓule masa fatar tafi, yanzu ni suke jawowa. Gwaggo ce ta gaya mini sauran daga baya. Ta ce ya miƙe tsaye ba sanda. Ta ce ya yi “Kai! Kai!”, ya yi “Mushe!”, duk ƙarar ta haɗiye. Ta ce ta ga bakinsa ya buɗe ya rufe ba abin da ya fito. Abin da ni na ji guda ɗaya ne, da muryar nan da na sani, wadda ke ratsa injin.

“GANA!”

Kada wani ya ce muku biyayya ce ta tsai da ni. Haushi ne. Wani baƙin ciki ya taso mini tun daga ciki, na watsar da hannuwan injin don in juyo in dube shi ido da ido, abin da ban taɓa yi ba. Sakin da na yi shi ya tsai da haƙoran. Sai a lokacin na ga gwiwata a ƙasa, igiya ta ɗaure ni da injin tamau, wando ya yage, haƙori ɗaya ya riga ya shiga ƙaurina. Da na ƙara ko numfashi ɗaya ina matse da ƙarfen nan, da ba da wannan ƙafar kuka san ni ba.

Ban san yadda Baba ya ratso huɗar da gwiwoyin nan nasa ba. Na dai gan shi a gabana a durƙushe, ya zaro wuƙar da yake yankan reshe da ita ya datse igiyar, ya kashe injin. Garka ta yi tsit. Ya cire ƙyallen da ke kafaɗarsa ya kama ƙafata da hannu biyu yana ɗaurewa, jininsa na tafi yana haɗuwa da nawa. Yana cewa a kawo ruwa, a nemo kabu-kabu, a yi sauri. Ni kuwa ko zafin ciwon ban fara ji ba. Na dubi tsakiyar hularsa na faɗi abin da ɗan fari ba ya faɗa.

“Baba, ba Gana ba ne sunana.”

“Subhanallahi, Babana!” in ji Gwaggo daga bayana. “Rufe bakinka!”

Baba bai ɗago ba. Ya ci gaba da ɗauri, ya ƙulle, ya sake ƙullewa. Na ɗauka lemo zai amsa wa, ko ya yi kamar bai ji ba. Sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, kuma da ni yake.

“Na sani. Ni na raɗa wa liman shi a kunne.”

“To me ya hana, Baba?”

Ya gyara ƙullin ƙyallen.

“Sunan ubana ne. Yana raye ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Ya zo mini har nan,” ya taɓa maƙogwaronsa, “ya ƙi wucewa. Wanda harshe ya saba da shi, shi ya fito.”

Wannan ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi ni da mahaifina. Aka ɗora ni a babur aka kai ni likita aka ɗinke. Da yamma wani maƙwabci ya zo da fartanya ya ƙarasa ɗan abin da ya rage, aka dasa salati, ya kuma yi kyau a shekarar. Baba ya rasu da daminar da ta biyo, Allah ya jiƙansa, bai kira ba. Ban ce ya yi laifi ba. Yadda aka raine shi ke nan, kuma na ga hannuwansa a ranar, na san abin da na gani. Amma ban ce muku na huce ba.

Labarin ciwona ya kai Takieta tun a ranar da abin ya faru, Gana ya baro zaman makokin ya taho washegari da hantsi. Ina kwance a rumfar tsakar gida an ɗora mini ƙafa a kan matashi. Baba yana jin tsayuwar babur a ƙofa ya ɗaga murya, tun kafin yaron ya gama sallama.

“Gana! Sai yanzu? Gana, tun yaushe nake ce maka ka kai a ƙera wa haƙoran nan murfi? Kunnen ƙashi gare ka, Gana! Sakarai kawai! Da ka kashe mini...”

Ya tsaya. Ya haɗiye.

“Da an yi asara a gidan nan, Gana, da kai ka ja!”

Haka ya yi ta yi masa, a gaban matan gida, a gaban 'ya'yansa, mutumin da ya kwana a wurin mutuwa, wanda ko igiyar bai gani ba. Da Baba ya gaji ya shige ɗaki, sai Gana ya zo ya zauna a bakin tabarmata, idanunsa jawur. Ya duba ɗaurin ƙafar, ya yi mini sannu, sannan ya sauke murya.

“Yaya, ka dai gani da idonka. Ina can wurin rasuwa, amma ni ne mai laifi. Haka nake sha kullum, tun ina yaro. Kai kam ka huta. Ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga maka murya ba.”

Na dube shi. Da gaske yake, har ga Allah yana ganin ni na more.

“Ka yi haƙuri, Gana,” na ce.

Me zan ce masa? Da ana musaya a ranar, da na ba shi ƙafar gaba ɗaya, ya ba ni zagin.